Takardar da Mai Leda Ya Liƙe

Shagon Mai Leda bai fi taku biyar ba daga ƙofa zuwa bango, amma duk takardar da mutanen layin suke ji da ita sai ta bi ta cikinsa. Injin fotokwafi yana hagu, kwamfuta da firinta suna dama, a tsakiya kuma, kan tebur na musamman da aka shimfiɗa wa tawul, injin liƙe takarda ne yake zaune kamar mai gidan. Ka kawo masa takarda ɗaya ka ce a yi maka kwafi, kafin ka ɗaure igiyar takalminka ya zura ta asalin cikin leda, ta fito da zafinta tana ƙyalli. In ka yi magana ya ce gata ya yi maka. Mai wankin hula na kusa da shi yakan rantse cewa da jarirai suna shiga injin nan, da tuni Mai Leda ya liƙe 'yan biyunsa don kada su yi datti.

Abin yana da tushe. Yana saurayi ya samu kiran aiki a gidan waya, ya buɗe akwatin mahaifinsa don ɗauko takardar shaidar gama makaranta, ya tarar gara ta cinye ta, sai kan sarkin da ke gefe da rabin sunansa. Aikin ya wuce shi. Tun daga ranar bai sake yarda da takarda tsirara ba.

A shagon ya haɗu da matarsa. Daga wata ƙasa ta zo karatun ungozoma, ta shigo da littafin da ya fi bulo kauri tana so a kwafe mata babi uku. Ya kwafe mata bakwai, ya ce kuskure ne. Bayan shekara biyu suka yi aure. Danginsa suka sa mata suna 'Yar Nesa, sunan kuma ya bi ta har bayan ta haifa musu tagwaye mata, shi kaɗai yake kiranta Maman Biyu. Kowace shekara sai sun je ofishin shige da fice an sabunta mata izinin zama, kuma izinin bai ba ta damar aiki a asibiti ba. Mace mai takardar ungozoma ta koma kitso a tsakar gida.

A shekara ta shida suka nemi izinin zama na dindindin. Dokar ofishin ita ce su riƙe fasfonta har a gama, su ba ta 'yar takardar shaida. In ta janye don ta yi tafiya, komai ya rushe, kuma dawowarta wurin 'ya'yanta sai yadda hali ya yi. Mahaifiyarta, wadda kowa ke kira Inna, tana can garinsu da hawan jini, ba ta taɓa ganin tagwayen ba sai a waya. Aka yi lissafi wata uku za a gama, daga nan Maman Biyu za ta kwashi yaran ta kai mata su.

Ana gobe za a kai takardun, Mai Leda ya tafi da su shago don ya jera su. Ya ɗaga takardar haihuwarta, tsohuwa, ta yi laushi a wurin ninki kamar za ta rabe. Tausayin takardar ya kama shi. Ya zura ta a inji.

Bayan sati uku aka kira shi a waya, ya je shi kaɗai domin ɗaya daga cikin yaran tana zazzaɓi. Matar da ke taga ta huɗu, mai tabarau a bakin hanci, ta zaro takardar daga fayil, ta goga babban yatsanta a kusurwar ƙasa.

"Hatimin nan mai tudu ne, da yatsa muke tantance shi. Zafi ya shafe shi. Wa ya yi wannan aika-aikar?"

"Wani mai shago ne, ranki ya daɗe," in ji Mai Leda.

"To ka gaya masa ya cuce ku. Fayil ɗinta ba zai motsa ba sai kun kawo sabuwa daga inda aka haife ta."

A hanya ya shirya yadda zai faɗa mata. Da ya shiga gida ya same ta tana gwada wa yaran rigunan tafiya, ta sayo su da ɗan girma don kada su matse kafin lokacin. Ta ɗago tana murmushi.

"Baban Biyu, me suka ce?"

"Sun ce ana kan aiki. A ƙara haƙuri."

Kunya ce ta sa shi, ba mugunta ba. Mutumin da duk layin ke kawo wa takardu don ya adana, a ce shi ya lalata ta matarsa? Ya ce a ransa zai gyara abin a ɓoye cikin sati guda. Ya koma ofishin ya roƙi takardar, ya rufe shago da tsakar rana, ya sa dutsen guga da reza yana ɓare ledar a hankali. Ta ɓaru kuwa, amma da tawadar ta taho. Sunan Inna gaba ɗaya ya bi ledar, takardar ta rage fari fat a wurin. Ya zauna yana kallon abin da ya yi har aka gaji da buga masa ƙofa.

Ya rubuta wa ofishin rajistar haihuwa na garinsu wasiƙa biyu. Amsa ta zo bayan wata biyu: sai mai takardar ko ɗan'uwanta na jini ya zo da kansa. Ke nan dole ne ya kira Yayanta, malamin makaranta mai tsare gida, wanda tun farko bai so ƙanwarsa ta yi aure a nesa ba. Sau uku yana danna lambar yana kashewa. Kullum gobe.

A gida kuwa ofishin ya sha zagi. Matan da ke zuwa kitso kowa da labarin wani da aka riƙe wa fasfo shekara biyu. Ran Lahadi in Inna ta kira, Maman Biyu takan buɗe muryar wayar kowa ya ji.

"Duk wanda ya danne takardar nan ya hana ni ganin jikokina, Allah ya isa tsakanina da shi. Surukina, kana ji na?"

"Ina ji, Inna."

"To ka ce amin mana."

Ya ce amin. Abinci ya daina yi masa daɗi, wandunansa suka fara zamewa. Maman Biyu ta ɗauka zirga-zirgar ofis ce take cin sa, ta riƙa ƙara masa nama a kwano, wannan kuma ya fi komai ƙona masa rai.

A wata na bakwai Inna ta faɗi a banɗaki, ɓarin jikinta ya shanye. Washegari da sassafe Maman Biyu ta yafa mayafi ta ce yau da ita za a je, ko a ƙasa za ta kwanta sai sun ba ta fasfonta. Suka bar yaran wurin maƙwabciya. A ofishin aka ba su lamba sittin da uku, suka zauna kan benci ƙarƙashin fankar da ba ta juyawa. Aka kira hamsin da tara. Aka kira sittin.

"Maman Biyu," ya ce, "ba su ba ne. Ni ne."

Ya faɗa mata komai, har da dutsen gugar. Ya zaro takardar daga aljihun gaban rigarsa, inda ta yi wata da watanni, ya miƙa mata. Ta daɗe tana kallon farin wurin.

"Tun yaushe?"

"Tun zuwana na farko."

Ba ta ɗaga murya ba, shi kuwa ya so ta ɗaga. Ta ciro waya ta kira Yayanta nan take. Ta ce masa takardar haihuwarta ta lalace, ana son sabuwa. Ba ta ce wa ya lalata ba. Da aka kira sittin da uku ta miƙe ta nufi ƙofar fita, ya bi ta a baya.

Kwana goma sha ɗaya takardar ta yi ta iso, a hannun direban babbar mota, cikin ambulan ruwan ƙasa. Kwana goma sha ɗaya. Mai Leda ya riƙe ta da yatsu biyu har taga ta huɗu. Mai tabarau ta goga yatsa, ta gyaɗa kai, ta ce sati shida.

A cikin satuttukan nan Maman Biyu ba ta fasa dafa masa abinci ba, ba ta fasa gaishe shi ba, amma hira ta ƙare. A sati na huɗu Yaya ya kira ya kara wa Inna waya a kunne. Harshenta ya yi nauyi, sai an kasa kunne sosai. Ta yi magana da 'yarta, ta saurari surutun tagwayen, sannan ta ce a ba ta surukinta. Maman Biyu ta miƙa masa wayar tana kallon bango.

"Ɗana," in ji Inna, kalma ɗaya bayan ɗaya, "an ce duk ka rame... saboda takardar nan. Sannu. Allah ya yi maka albarka."

Ya buɗe baki zai faɗa mata gaskiya. Maman Biyu ta juyo ta girgiza masa kai, ba don shi ba, don tsohuwar. Ya fasa, hawaye na sauka kan wayar, har Yaya ya karɓa daga kunnen Inna ya ce ta gaji.

Bayan kwana biyar Inna ta rasu.

Fasfon ya fito ranar da aka ce, ba a ƙara ko kwana ɗaya ba. Mai Leda ya karɓo shi da hantsi, ya taho gida kusan da gudu, shi kansa bai san saurin me yake yi ba. Ya same ta a tsakar gida tana tsefe wa ɗaya daga cikin yaran kai. Ya durƙusa ya miƙa mata da hannu biyu, ya ce yanzu zai wuce tasha ya kama musu kujera a motar gobe.

Ta buɗe fasfon, ta duba shafin izinin, ta rufe, ta ajiye shi a gefen tabarma kusa da man kitso.

"Je ka buɗe shagonka, Baban Biyu," ta ce. "Ba wanda yake jirana yanzu."