Yayen Ɗan Farina a Ɗakin Inna

Shekarar da aka ce Turawa sun miƙa mulki, ni yaye ne a gabana. Ɗan farina ya kusa shekara biyu, haƙora sun cika masa baki, yana sha yana cizo, ni kuma na rame. Muna zaune a Lolo lokacin. Maigida yana haye iyaka da shinkafa zuwa ƙasar maƙwabta da ke hannun Faransa, ya dawo da gishiri da atamfa. Mahaifiyarsa, Inna, tana gidansu na gado a Matsinkai. A wurinmu uwa ba ta yaye ɗanta da kanta. Kaka ake kai wa, ya zauna a ɗakinta har ya manta da nono.

Inna ba tsohuwa ba ce, da ƙyar in ta kai hamsin. Da aka kawo ni gidan, daddawarta ake rububi ranar kasuwa, ga ta da barkwanci. In ta ga yaron sai ta ce, "Ga mijina marowaci, ko kan kifi bai taɓa kawo mani ba." Sai Allah ya yi wa mijinta rasuwa. Ta yi takaba ta gama, amma ba ta koma yadda take ba. Ta daina dafa kalwa, ta daina kitso, tuwo loma biyu ta ture. Muka ce baƙin ciki ne, zai wuce.

Daga baya maganarta ta sauya. Da kogin Kwara ya cika ya cinye shinkafar fadama, ta ce ita ta jawo. Akuyar maƙwabta ta yi ɓari, ta ce don ta shafa bayanta ne. Takan ce cikinta ya ruɓe, wai ba mu jin wari? Ta ce akwai masu yi mata magana daga bayan rumbu, suna jera mata abubuwan da hannunta ya kashe. An yi rubutu, an yi hayaƙi, an karɓo sassaƙe wurin wani mai magani ɗan ƙabilar Dendawa. Takan sha, ta ce an yi asarar ruwa. Da muka je gaisuwar sallah na lura sai ta naɗe hannunta da bakin zane kafin ta ɗauki ƙwarya. Ban ga wanda ya kula ba.

Yaya, wato yayar maigida, a Matsinkai take aure, ita ke leƙa Inna safe da yamma. Ita ta zo da shawarar.

"A kai mata yaron ga yaye," ta ce da ƙanenta, ina gefe ina tsince shinkafa. "Jika shi ne maganinta. In ta ji kuka cikin ɗaki, dole ta tashi ta dama kunu."

Ni ba ni da bakin magana a zancen. Ɗan fari ba a kiran sunansa, ba a yi masa wasa a gaban mutane, ko faɗuwa ya yi gaban surukai kau da kai ake yi. To yaya zan buɗe baki in ce ina jin tsoro a kansa? Bayan ta fita na ɗan gwada yi wa maigida magana.

"Malam, Inna hwa ba ta da lahiya."

"Ai shi ya sa za a kai mata shi."

"Ko a bari sai an gama girbi?"

Ya dube ni yana dariya. "Ke, yaushe kika hwara shiga zancen yaron ga?"

Washegari Yaya ta goya shi suka tafi. Ina daka, ban ɗaga kai ba, kamar yadda ya kamata. Mata suka yaba.

Nono ya cika ya yi tauri kamar dutse, zazzaɓi ya rufe ni. Ba wannan ya dame ni ba. Rijiyar gidan Inna ba ta da murfi, bakinta daidai da ƙasa. Ina wanke-wanke ina ganinta a raina, ina sallah ina ganinta. Na ƙona miya, na zuba gishiri a kunu. Da kasuwa ta zagayo na sayi bandar kifi na ce zan kai wa Inna, na bi matan Matsinkai masu komawa gida.

Da na isa gidan Inna na yi sallama ba a amsa ba. Lokacin yankan shinkafa ne, kowa yana fadama. Na shiga na same su a inuwar rumfa. An ɗaure ƙafar yaron da ɗankwali a jikin turmi. Inna tana zaune can nesa da shi, ta ɗaura ludayi a kan dogon karan dawa, tana miƙa masa kunu. Karan yana rawa, rabin kunun a ƙasa yake ƙarewa. Ƙirjinsa duk busasshen kunu, ƙuda sun yanyame shi, muryarsa ta dushe har kukan ba ya fita.

"Inna, ina wuni?"

"Kin zo," ta ce, ba ta ajiye karan ba. Idanunta sun faɗa, leɓenta ya tsage. "Ban taɓa shi ba, ɗiyata. Allah shi ne shaida. Shina miƙo hannu ina ja da baya."

"Yaya ba ta yi masa wanka?"

"Na ce ta yi. Ta ce a'a, ni zan yi, wai sai na ɗauke shi zan warke." Ta juya ta kalli rumbu, ta rage murya. "Su ma waɗancan haka suke cewa. Ɗauke shi, ɗauke shi. Na san abin da suke so."

Yaron ya gan ni, ya taso, ɗaurin ya fizge shi ya zauna daɓas. Na tsaya riƙe da kifi. Ina nan tsaye Yaya ta shigo da dami a ka, maƙwabta biyu suna biye da ita.

"Kai, yau ga abin kallo," ta ce tana sauke damin. "Uwar ɗan hwari ta biyo sawu. Mi kika zo yi, nonon ne ya aiko ki?"

Matan suka yi dariya. Ɗaya ta ce a zamaninsu da an yi mata waƙa a dandali.

"Kwana kaɗan ya rage ta saba da shi," in ji Yaya. "Jiya har kallonsa ta yi ta yi. Ajiye kihin ki koma ɗakin mijinki."

Na ajiye kifin. Na durƙusa na kwance ɗankwalin, ya yi wuyar kwancewa don Inna ta ƙulla shi da kyau. Na ɗauki yaron na goya a gabansu, na ja zane na ɗaure. Dariyar ta tsaya. Yaya ta kira ni mara kunya, ta ce za ta ji wanda ya rene ni. Inna ta saki karan, ta ce, "Tahi da shi, Allah shi yi maki albarka." Ta kwanta nan a ƙasa ba ko tabarma, ta rufe ido.

Ni na yaye shi da kaina a Lolo. Na shafa garafuni a nono, ya kama ya ji ɗaci ya saki, ya yi ta dukan ƙirjina. Abin da ake gamawa cikin 'yan kwanaki a ɗakin kaka ya ɗauke mu wata da watanni, don yana ganina yana jin ƙamshina. Maigida ya daɗe ba ya yi mini magana sai ta dole. A bakin rijiya in na iso sai a sauya zance.

Inna ta kai damina biyu a haka kafin masu maganar bayan rumbu su yi shiru. Ta koma cin abinci, takan zauna a ƙofar ɗaki ta amsa gaisuwa, amma ba ta sake sayar da komai ba. Yaron ya rayu, ya yi ƙiba. Da ƙanwarsa ta isa yaye ba wanda ya ambaci Matsinkai, ni ma ban tambaya ba. Na nemo garafuni na sake farawa.