Bangon da Uzairu Bai Rufe Ba

Uzairu Bunu bai taɓa cika shekara uku a sana'a ɗaya ba. Kakansa daga Borno ya zo Azare ya zauna, shi kuwa jikan, zama ne ba ya iyawa. Ya yi kafinta, ya yi fenti, ya taɓa aikin silin, sannan ya tafi Kano wata biyu ya dawo da bindigar ƙusa mai batir da allunan roba masu ado, irin waɗanda ake lulluɓe bangon falo da su. Matarsa Murja ta ce tun da ya sayo bindigar nan ko abinci a tsaye yake ci.

Aikinsa na farko da bindigar a gidan Hajiya Kande ne, tsohuwar malamar firamare da ke zaune a gidan da ta gada, 'ya'yanta sun matsa a gyara mata falo. Uzairu ya iso da hantsi, ya jingina allon farko a bango, ya danna bindiga. Tas! Maimakon ƙusa ta kama, sai shafen siminti ya ɓantare ya zubo, faɗin tire.

"Hajiya, ashe ginin ƙasa ne a ciki?"

Ta matso, ta gyara tabarau. A ƙarƙashin simintin ga wani zane mai lanƙwasa da aka fitar da hannu a jikin yaɓe, da sauran jan launi.

"Hannun Bappa ne," ta ce, "ƙanin mahaifina, magini. Na ɗauka sun farfasa shi lokacin shafe. Uzairu, ajiye bindigar nan."

"Hajiya, kafin la'asar fa zan gama miki."

"Na ce ajiye."

Ya fita ƙofar gida, ya kai ya kawo, ya leƙa wayarsa, ya dawo. Kwana huɗu ya yi yana ɓamɓare siminti da ƙaramin kurfi da cokali, ƙafarsa na ta rawa, yana tsaki. A rana ta uku tsakin ya tsaya, don zanen ya fara fitowa har saman ƙofa, kuma ya kasa gane yadda aka haɗa ƙasar da ta yi shekara sittin ba ta zube ba.

Bango uku ya rufe da allunan cikin awa biyu. Na huɗun aka bar shi a buɗe, Hajiya ta juya kujerarta tana fuskantarsa.

Ita ce ta gaya masa akwai wani tsohon magini a Chinade, Malam Abdulmumini, wanda ya yi aiki da Bappa. Washegari Uzairu ya hau acaɓa, ya je neman a koya masa haɗin ƙasar. Tsohon ya saurare shi, ya dubi hannuwansa, ya ce ya dawo ranar Asabar su kwaɓa ƙasa.

Tun ranar Alhamis Uzairu ya koma. Malam Abdulmumini ya shimfiɗa masa tabarma a inuwa, ya ce ya jira ya gama gyaran akurkin kaji tukuna.