Tiyar Gwaggo

Yau shekara guda da rasuwar gwaggona, mai awon gero a kasuwar Damagaram. Na ɗauko tiyarta, tsohon kwanon awonta, na auna geron sadaka. Da na juye a tiyar maƙwabciyarmu, sai ya cika har ya zube ƙasa. Gabana ya faɗi. Na kifa kwanon: gindinsa duk sawun guduma, an bubbugo shi waje don ya ƙara zurfi.

Ni kuwa na taɓa ce mata, "Gwaggo, kwanon nan ya lotse, bari in sayo sabo." Ta fizge shi, hannunta duk ƙaiƙayi. "Bar mini kayana, 'yar nan. Ni ma akwai ranar da za a auna mini."

Allah ya cika mata mizani, har ya zube.