Imas da Ƙullin Baba Koswara

Rubuta sunanta daidai: Imas, mai suyar awara a bakin hanyar Citatah, inda motocin farar ƙasa ke wucewa. Tun tana budurwa take hawan dutse a ƙungiyarmu, ita da wanta Tatang. A wancan zamanin koyarwarmu tsawa ce. Babba ya duba ƙullin igiyar ƙarami, wannan daidai ne. Ƙarami ya kai hannu ga igiyar babba, wannan rashin kunya ne.

Abin da ya ci Tatang ke nan. Yana cikin ɗaura igiya a ɗamararsa wani ya miƙo masa sigari, ya karɓa, ya manta bai ƙarasa ƙullin ba. Sabon shigan da ke riƙe masa igiya ya gani sarai, ya buɗe baki, ya tuna matsayinsa, ya haɗiye maganar. Tatang ya kai sama, ya saki nauyinsa kan igiya, ta zare. Bai mutu ba, amma tun ran nan a keken guragu yake, shi ke yanka wa Imas barkono a rumfa.

Da aka kafa kwamitin gyaran koyarwa, na sa-kai, Imas ta shiga da magana ɗaya tak: kowa, kafin ƙafarsa ta bar ƙasa, mai riƙe masa igiya ya kama ƙullinsa ya duba, ko da jiya ya shigo ƙungiya. Kwamiti ya yarda, aka sanar, aka tafa. Lahadi, ranar hawanmu, ta zo, ba wanda ya yi. Manya duk sun zuba wa Baba Koswara ido, tsohon da ya kafa ƙungiyar. In bai tsaya an duba shi ba, doka ta mutu.

Imas ta soya awara ta same shi a gida.

"Ta cin hanci ce wannan?" in ji shi.

"Ta cin hanci da ƙwai nake yin ta, Baba. Wannan ta roƙo ce."

"Ke, tun ba a haife ki ba nake ɗaurin igiya. Yanzu ɗan jiya ne zai laluba mini ciki?"

"Wa ya koya wa Yaya Tatang ƙulli?"

"Ni."

"Ya iya?"

"Har ya fi ni."

"To ba iyawa ce ta gaza ba. Bakin mai riƙon igiya muka ɗinke, mu duka."

Tsoho ya cinye awara. Ta ɗauki kwanonta ta koma.

Lahadi ta zagayo, sai ga shi a gindin dutse da tsohuwar ɗamararsa. Ya nuna Enjang, wani ɗan acaba magidanci da bai daɗe da shigowa ba, ya ce shi zai riƙe masa igiya. Tsoho ya ɗaura igiyarsa. Imas tana gefe, ta hango ƙullin: rabi ne, irin na Tatang sak. In ita ta yi magana, babba ce ta duba babba, ba abin da ya canza. Ta matso dab da tsoho yadda hannunta zai kai, ta ciji leɓe.

Enjang yana kallon ƙullin, gumi na zuba.

"Me kake kallo, fasinja ka gani?" in ji Baba Koswara, ya ɗora ƙafa kan dutse.

"Baba, ƙullinku bai ƙarasa ba."

"Kunnena ya tsufa."

Enjang ya damƙe igiyar a ɗamarar tsoho, ya ɗaga murya har na nesa suka juyo. "Na ce bai ƙarasa ba. Ku sauko."

Baba Koswara ya sauke ƙafa yana dariya, don da gangan ya yi. Ya ƙarasa ƙullin, ya miƙa wa Enjang ya ja da ƙarfi, sannan ya dubi manya.

"Ku jera. Kowa ya ba ɗan acaba cikinsa."

Suka jera kuwa, Imas a gaba.

Yanzu Tatang ne ke koyar da ƙulli a gindin dutse, daga kan kekensa. Yakan ɓata ƙulli da gangan ya jira. Duk sabon shigan da ya kama babba da kuskuren ƙulli, Imas na soya masa awara, mai ƙwai.