Sunana a Jikin Tukunyar Iska

Kafin in san teku, ni mai gyaran famfo ne a Old Trafford. Daga zangon Kumasi iyayena suka kawo ni ina yaro. Ina da motar aiki, ga mata ga 'ya ɗaya, ban taɓa ɗaukar ko allurar wani ba.

A wurin wani suna a Birmingham na haɗu da Yaya Sabi'u, injiniya ɗan Kano da ke zaune a Balsall Heath. Ya girme ni nesa ba kusa ba. Ya nuna mini hoton wani jirgi kwance a ƙasan teku, kifaye suna shiga suna fita ta tagoginsa. Ya ce, "Mutumin Kumasi, kai da kake wuni cikin ruwan banɗakin mutane, zo in nuna maka ruwa na gaske." Na yi dariya, na bi shi.

A wurin ninƙaya a Salford na koyi nutso, daga nan muka fara tafiya gaɓar Scotland duk ƙarshen mako. Sanyin ruwan nan, wallahi sai leɓɓanka su mutu. A harkar nutso ba a shiga ruwa mutum ɗaya. Kowa da abokinsa, shi zai duba maka tukunyar iskar da ka goya, kai ma ka duba masa. Wata rana muna can ƙasa iskata ta ɗauke. Yaya Sabi'u ya cusa mini tasa a baki, ya riƙe ni har muka fito. Tun daga ranar ban ƙara yi masa musu ba.

Shi ya sayo fenti ya rubuta sunana ɓaro-ɓaro a jikin tukunyata. Ya ce don ya riƙa gane ni, tunda kowa baƙar riga da gilashin fuska ne a ƙasa. Tasa babu suna, ni kuwa ban tambaya ba.

Da cokali na fara ɗauko kayan jiragen da suka nitse. Doka ta ce duk abin da ka ɗauko daga jirgin da ya nitse sai ka sanar da hukuma. Ya ce, "Haba ƙanena, wa zai cika form saboda cokali?" Daga cokali sai bututun tagulla, daga nan sai tagogi, ni da kwance ƙarfe ne sana'ata. Shi ya san mai saye, a garejina kuma ake ajiye kaya. Kullum kyamara ce a hannunsa. "Kai ne mai hannu," in ji shi, "ni hoto kawai na iya."

Ranar da ya kai ni wani jirgin yaƙi da ya nitse da mutanensa don in kwance ƙararrawarsa, na ce, "Yaya, wannan fa kabari ne." Ya ce waɗanda ke ciki ba su da sauran buƙatar ƙararrawa. Sau uku muna sauka kafin in kwance ƙararrawar jirgin.

Wata rana da safe 'yan sanda suka zo gidana, 'yata tana karyawa cikin kayan makaranta. Suka yi ta tambayata da wa nake nutso, na ƙi faɗa musu. Lauyana ya roƙe ni, ya ce in na faɗa za a sassauta mini. Na ce ba zan tona mutumin da ya ba ni numfashinsa ba.

Ranar shari'a aka kira mai shaida, sai ga Yaya Sabi'u cikin kwat. Inna lillahi! Ashe tuni mai sayen ya faɗa wa 'yan sanda sunan Yaya, shi kuma ya kwashi bidiyon duka ya kai musu. Ya rantse cewa ya sha yi mini gargaɗi, hoton ma don hujja yake ɗauka. Aka kunna. Babu fuskar kowa, sai hannuwa biyu da sufana, ga sunana a tukunya da rubutunsa. Ko kallon inda nake bai yi ba. Ban taɓa jin ɓacin rai irin na ranar ba.

Akwai wata tsohuwa Baturiya a kotun, aka ce mahaifinta yana cikin jirgin nan. Kallona kawai take yi har aka yanke mini ɗauri. A gidan yari fuskarta ce ta fi damuna, domin an ci amanata gaskiya ne, amma da hannuna na tona kabarin ubanta. Can na tuba.

Bayan na fito na gamu da shi a ƙofar masallacin Juma'a. Ya miƙo hannu ya ce, "Ƙanena, ka yi haƙuri. Ina da yara suna karatu a uni. Kai ma da haka za ka yi."

Na ce, "An ba ni dama, Yaya. Ban yi ba."

Samari, ku ji ni. Duk girman alherin da mutum ya yi muku, kada ku biya shi da aikata laifi. In babba ya ce ku ɗauko, ku duba ku ga ko shi ma ya sa hannu. Ni na ba shi hannu ranar nan domin muna bakin masallaci, amma har yau zuciyata ta ƙi yafe masa, ina roƙon Allah Ya ba ni iko. Tsohuwar nan kuwa na rubuta mata takarda ta hannun lauya, aka dawo mini da ita, aka ce ta rasu ina ciki.