Baba Mai Yunifom da Makin Likita

Yaran layin ba su san shi da wani suna ba sai Baba Mai Yunifom, shi ma bai taɓa damuwa ba. Shagonsa ɗaki ɗaya ne a ƙarƙashin bene, da kekunan ɗinki biyu, da teburin yanka da almakashi ya ci gefensa, da igiyar da fararen riguna ke reto a kanta. Kusan duk wanda ya yi sakandare a layin, Baba ya taɓa auna kafaɗarsa. Ga shi da zolaya. In ya zagaya tef a cikin yaro mai ƙiba, sai ya tambaye shi ko shi kaɗai ake dafa wa abinci a gidansu.

Babbar 'yarsa kuwa Likita yake kiranta, tun tana 'yar mitsitsiya tana ɗaure wa kyanwa ƙafa da ƙyallayen da ya zubar. Mutane sun ɗauki sunan wasa, shi bai ɗauka ba. Jami'a za ta je, likita za ta zama, magana ta ƙare.

Aikin yunifom kakarsa ɗaya ce, makon komawa makaranta. Iyaye su cinye hutu kaf ba su tuna ba, sai ana jibi za a koma su yi wa shagon tsinke, kowa na rantsuwa nasa ne na gaggawa. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, ga Likita ta iya kalmasa da kafa maballi kamar da su aka haife ta. Don haka duk farkon zango sai ya zaunar da ita a keke na biyu, mako guda, wani lokacin har ya zarce. Tsararrakinta na wucewa makaranta cikin rigunan da ta goge, ita tana taka keke. A ganinsa ai makon farko ba abin da ake yi a makaranta sai shara da hirar hutu.

Matarsa ta yi magana har ta gaji. Ta ce darussan farko suna wuce yarinyar, gwajin farko ya zo ta shiga ba ta san kan zancen ba, kuma ba a fafe gora ranar tafiya. Amsarsa kullum ta teloli ce: mai riga waje yake dubawa, ba ya juya ta ya leƙa ɗinkin ciki. In yarinya ta ci jarabawar ƙarshe, wa zai tono abin da ya wuce?

Ta kuwa ci jarabawar ƙarshe, ci mai kyau. Ranar Baba ya yanka farin yadi ya ɗinka mata rigar likita, har da aljihun biro, ya rataye ta a bayan ƙofa. Sai jami'a ta fitar da waɗanda ta ɗauka, babu Likita.

Ya sa rigarsa ta fita unguwa, suka tafi ofishin ɗaukar ɗalibai shi da Likita, yana da yaƙinin kuskure aka yi. Wata dattijuwar ma'aikaciya ta ba su kujeru, ta juyo musu da kwamfuta. Cikin natsuwa ta bayyana cewa masu irin sakamakon Likita suna da yawa, gurbin kuwa kaɗan ne, shi ya sa ake haɗawa da makin da ɗalibi ya tara tun shigarsa babban aji. Na Likita duk zango fasalinsa ɗaya, ya fara a ƙasa, ya ƙare a sama, in an haɗa sai ya gaza na wasu da kaɗan.

"Yarinyar nan tana da ƙwaƙwalwa," in ji matar. "'Yata, me ke samunki duk farkon zango? Rashin lafiya ne?"

Likita ba ta ko dubi inda ubanta yake ba.

"E, ranki ya daɗe. Ina yawan ciwon baya."

Da zaginsa ta yi, da ya fi masa sauƙi. Kunya da tausayi suka rufe shi, ya zauna yana murza hularsa. Sama-sama ya ji matar na cewa akwai karatun share fage na shekara guda, wanda ya riƙe shi da kyau tun daga ranar farko ana iya ɗaukarsa baɗi, amma ba ta yi alkawari ba. A hanyar gida ya so ya yi magana, sai ya ji kansa yana tambayarta ko tana jin ƙishirwa.

Fara karatun share fagen ya zo daidai da makon komawa makaranta. Yadi ya taru a shago har kan benci. Da safe Likita ta shigo kamar yadda ta saba, ta ce bari ta rage masa aikin wanduna, gobe ko jibi ta fara zuwa ajin. Ta zauna ta taka keke, ƙafa na juyawa, allura ba ta motsi. Babu bel ɗin da ke juya shi.

"Baba, ina bel ɗin keken nan?"

"Ya tsinke," ya ce, kansa na kan teburin yanka. "Tashi ki tafi, kada ki makara."

Ta ga bakin bel ɗin yana leƙowa daga aljihun rigarsa, lafiyarsa ƙalau. Ta ɗan tsaya, sannan ta ɗauki jakarta ta fita.

A makon nan iyaye da dama suka kwashe yadinsu suka kai wa wani tela, wasu da baƙar magana. Baba ya ba kowa haƙuri, ya ci gaba da taka kekensa shi kaɗai. Farar rigar tana nan a bayan ƙofa, ya lulluɓe ta da leda saboda ƙura.