Bindigar da Na Gani a Jakar Ɗan Ƙanena

Da ana janye magana bayan ta fita, da na janye wadda na faɗa wa wani Alhaji mutumin Maraɗi a bakin masallacinmu na unguwar Sevran, a nan ƙasar Turawa.

Ɗan ƙanena ya sauka wurina bayan ya baro garin Lyon, inda ya yi aikin kula da wani tsohon Bature har tsohon ya rasu. Yana neman auren 'yar Alhajin nan, magana ta yi nisa. Wata rana ina neman bargo a ɗakinsa na buɗe jakarsa, sai ga ƙaramin akwatin katako. A ciki akwai bindigar hannu mai dogon baki, irin wadda gidan harsashinta ke juyawa. Baƙa wuluk, tana ƙyalli, tana ƙamshin mai.

Ni a Damagaram na tashi. Tsohuwar bindigar da na sani ita ce ta maharba: tsatsa, ɗaurin waya, ƙota ta tsage an naɗe ta da fata. Don haka duk ƙarfen da ke ƙyalli, a wurina sabo ne. Kuma na san abin da wasu samarin unguwa ke yi da sababbin bindigogi a gindin benaye.

Da na tsare shi, ya ce tsohon ne ya bar masa ita. Wai ta wasan harbin takarda ce, kuma ta gado ce a gidan tsohon.

"Baffa, ta girmi kakanmu fa," in ji shi, yana dariya.

Dariyar ma ban yarda da ita ba. Na koma lura da takalmansa, da wanda yake kira, da yadda yake sassauta murya a waya.

Ana cikin haka Alhaji ya tare ni bayan Juma'a, kamar yadda ake yi kafin a ba da 'ya. Muka gaisa, ya ja ni gefe.

"Malam, a gidanka yake kwana. Me ka sani?"

Na ce, "Alhaji, ku dai ƙara bincike."

Ban ambaci bindiga ba. Amma a wurinmu, in baffan yaro ya faɗi haka, ya gama magana.

Da maganar ta kai kunnen yaron, shi ne ya nace mu je Lyon a duba bindigar. Ya ambaci wani shagon masu gyaran bindiga, na ƙi, don kada a ce sun haɗa baki. Ni na zaɓi wani da kaina. Mai shagon ya ɗauko gilashin ƙara gani, ya juya ta a hankali. Ya nuna mini ƙananan tambura a ƙasan bakin, ya ce na gwajin da ake yi wa bindigogi ne a garin Saint-Étienne, kuma irin na zamanin baƙin albarushi. Ya nuna ƙarfen saiti mai motsi, da nauyin bakin, da ƙotar da aka sassaƙa daidai tafin hannu. Ya ce ba don aljihu aka ƙera ta ba, don tsayawa a natse a auna takarda. A ganinsa ta haura shekara ɗari nesa ba kusa ba, harsashinta ma sai an sha wahalar nema.

Na tambaye shi ko ana iya buga tamburan ƙarya. Ya dube ni ta saman gilashinsa ya ce ana iyawa, amma ba a iya ƙirƙiro lalacewar da yatsa ke yi wa kunamar bindiga cikin shekaru. Ƙyallin kuwa, daga gidan masu yawan shafa mata mai ta fito.

Muna dawowa na wuce gidan Alhaji a Saint-Denis, na zayyana masa komai. Ya saurare ni har ƙarshe, ya sa aka kawo shayi. Sannan ya ce shi yanzu bai san wace maganata zai riƙe ba, ta farko ko ta biyu, kuma ya riga ya sanar da dangin uwar yarinya a gida cewa an fasa.

Yaron ya koma Lyon da zama. Yana gaishe ni da salla, a gajarce.

Ku da za a zo tambayarku halin wani, ina roƙonku: in ba ku tabbatar ba, ku ce a ba ku lokaci, ku je ku tabbatar tukuna.